Ƙarfe a Idon Auta

Mai Walda ba matsoraci ba ne. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin wuta da ƙarfe, wanda bayan hannunsa duk tabon tartsatsi ne, ba ƙaramin abu ke sa gabansa ya faɗi ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yoyon ɗakin Mai Walda kuwa ɗansa ne na ƙarshe, wanda kowa ke kira Auta.

Auta bai daɗe da haura shekara ashirin ba. Hannunsa na da kyau a aiki, in ya haɗa ƙarfe biyu sai ka nemi wurin haɗin ka rasa. Giya ce ta shiga tsakaninsa da wannan hannu. Da farko sai ƙarshen mako, daga nan sai kullum bayan an rufe shago, har ta kai in bai kurɓa da safe ba sandar walda rawa take yi a hannunsa. Uban ya yi nasiha, ya yi faɗa, ya yi duka, ya ƙaurace masa, duk kamar ana zuba ruwa a kwando. Maƙwabtan shago sukan girgiza kai su ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, don shi Mai Walda ko warin abin bai taɓa kusanta ba. In ya ji haka sai ya kau da kai, domin ya san ruwan da albasar ta yi halinsa. Shi Mai Walda yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda giya ta kai kabari bayan cikinsa ya kumbura kamar tulu. Auta ya ɗauko tafiyar wan uban nasa, ya ɗauko dariyarsa, har yadda yake sosa ƙeya in zai yi ƙarya. Duk sanda yaron ya yi dariya a shago, sai uban ya ji kamar mamacin ne ya leƙo.

Wata rana aka kira shi gyaran ƙofar ƙarfe a babban asibiti. A nan wani direban asibitin ya gaya masa cewa a ginin baya akwai likitoci masu bincike a kan samarin da giya ta kama. Suna sa mutum a wata na'ura su ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, su kuma auna yawunsa su ga abin da ya gada. Mai Walda ya riƙe maganar nan kamar wanda ruwa ya ci ya samu igiya. A tunaninsa, abin da aka gani da ido an gama da rabinsa. In har na'ura za ta nuna inda giyar ta maƙale a kan yaron, ai sai a san yadda za a ɓamɓare ta.

Zuwansu na farko ba su daɗe ba. Aka ba Auta wani ɗan abu ya hura, aka duba, aka ce ya sha, sai dai su dawo wani lokaci. Mai Walda ya fito daga ginin nan kamar an watsa masa ƙasa a fuska. Saboda haka da ranar komawa ta matso, sai ya ɗaure yaron a gindinsa. Tare suke zuwa shago, tare suke dawowa, ko bayan gida Auta zai shiga uban na tsaye a ƙofa.

Da safiyar ranar suka hau bas. Auta na gefen taga, gumi na tsattsafo masa a goshi ko da yake rana ba ta yi zafi ba, ya cusa hannayensa tsakanin cinyoyinsa.

"Buɗe kunnenka ka ji ni," in ji uban. "Mutanen nan dalili suke nema su sallami mutum. Kada ka ba su. Duk abin da aka tambaye ka, lafiya lau. Kana ciwon kaza? A'a. Ka taɓa kaza? A'a. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

"Ba jin kunne ba. In suka sake koro ka, kada ka biyo ni. Ka nemi wani uban, ka nemi wani shagon. Na gaji da ɗaukar gawar da ke tafiya da ƙafarta."

Wata tsohuwa da ke kujerar gaba ta waiwayo ta dube shi. Ya dube ta, ta mai da kanta.

A wannan karon Auta ya hura abin, aka ce babu komai. Aka shigar da su ofishin likitar da ke kula da binciken. Yarinya ce a idon Mai Walda, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba, tana da tabarau da murya mai sanyi. Ta miƙa wa kowannensu 'yar kwalbar roba, ta ce su tofa yawu har ya kai wani zane da ke jiki, tunda uban ma ya yarda a auna nasa. Nan da nan Auta ya cika tasa. Mai Walda ya yi ta fama, bakinsa ya bushe ƙamas.

"Baba, kumfa ba ya cikin lissafi," in ji likitar tana murmushi. "A ƙara kaɗan."

"Ki yi masa haƙuri, Likita," in ji Auta. "Yawun nasa a kaina ya ƙare."

Likitar ta yi dariya. Uban ya harare shi, amma dariyar da yaron ya yi ta sa tsigar jikinsa ta tashi, don dariyar mamacin ce sak.

Da ta tambayi ko akwai mai sha a dangi, Mai Walda ya daɗe yana kallon takalminsa kafin ya ambaci wansa. Sannan ya ɗago ya yi tambayar da ta hana shi sakat shekara da shekaru.

"'Yata, gaya mini gaskiya. A jini yake?"

"Wani ɓangare na gado ne, Baba, wannan an sani. Amma ba ƙwayar halitta guda ba ce da zan nuna maka in ce ga mai laifin. Suna da yawa, kowace da ɗan abin da take ƙarawa. Sannan ga abokai, ga damuwa, ga shekarun da mutum ya fara. Ga ka nan ai, ciki ɗaya da shi, ba ka sha."

"To hoton fa?"

"Hoton ba magani ba ne, ina so ka riƙe wannan. Muna tara na samari da yawa, masu sha da marasa sha, mu kwatanta, ko Allah zai sa a gane abin da zai taimaki na baya. Ba zan kalli hoton Auta shi kaɗai in ce ga abin da zai zama ba."

Mai Walda ya gyaɗa kai, amma a ransa ya ce haka likitoci suke, ba sa alkawari don kada a kama su da baki. Shi ma in an kawo masa aiki ba ya cewa zai yi kyau sai ya gama.

Daga nan ta ce akwai tambayoyin da za ta yi wa Auta shi kaɗai, sannan ya canza kaya a shiga da shi. Uban ya miƙe. A bakin ƙofa ya juyo ya kafe yaron da ido, irin kallon da ba ya bukatar fassara. Auta ya sunkuyar da kai.

Ɗakin jiran dogo ne, mai sanyi, da jerin kujeru da aka haɗe a kan ƙarfe guda. Mai Walda ya shafa wurin haɗin da yatsa, ya taɓe baki, aikin ganin ido ne. A ƙarshen ɗakin akwai ƙofar gilashi da ba ta buɗewa sai an goga kati. Ta cikin gilashin ana hango wani ɗan fili, da jan zane a ƙasa, da wata ƙofa mai kauri da aka manna wa hotunan makulli da almakashi da agogo, kowane an ja masa jan layi a kai. Daga bayan ƙofar nan wata ƙara ke fitowa, gaf, gaf, gaf, kamar ana dukan faranti da guduma, sai ta canza ta koma gurnani, sai ta dawo.

Mace ɗaya ce a ɗakin, mai jiki, da awon tela rataye a wuyanta kamar ta manta da shi. Ba ta jira ya gama zama ba.

"Sannu, Malam. Naka ne dogon nan da aka shiga da shi?"

"Nawa ne."

"Allah ya shirya. Tawa ce a ciki yanzu. Amma kada ka ɗauka 'yar kwalba ce, a'a wallahi, ko lemo mai gas ba ta cika sha ba. Ɗaliba ce. Suna neman marasa sha ne don su gwada da irin su... da sauran dai. Ita ce ta nace, ni kuwa na ce ƙafata ƙafarki, ba a sa mini 'ya a rami ina gida ina ɗinki."

Mai Walda ya ce, "Madalla," ya juya kai. Amma mai ɗinkin ba irin waɗanda ake kashe wa zance da madalla ba ce. Ta kwance wani hankici a cinyarta ta nuna masa: 'yan kunne, zobe, ƙananan maƙalan gashi, da sarƙa.

"Dubi abin da suka tuɓe mata. Kamar an shiga hannun 'yan fashi masu ladabi. Ni kam cewa suka yi kada in kusanci jan zanen can, wai ba su yarda da ni ba. Da gaskiyarsu, ni kaina ban san yawan alluran da ke jikin ɗankwalina ba."

"Saboda me?"

"Au, ba su gaya maka ba? Ai abin nan gaba ɗayansa maganaɗisu ne. Ba irin ɗan wanda nake tsince allura da shi a ƙasan keke ba, wani ƙato ne da mutum ke shiga cikinsa. Kuma wai ba a kashe shi, ko ana aiki ko ba a yi. Yaron da ke kula da shi ya ce ko ƙusa ce ta shiga ɗakin sai ta tashi sama kamar harsashi. Tambayar duniya sun yi wa yarinyar nan. An taɓa yi miki aiki an sa ƙarfe? An taɓa harbin ki? Ƙarfe ya taɓa faɗa miki a ido? Na ce yarinyar da ko zare ba ta iya sa wa allura, ina za ta gamu da..."

"A ido?"

"A ido. Wai ko ɗan ɓurɓushi ne ya maƙale, in an kusanci abin sai ya motsa, ya yanki idon daga ciki. Mutum ya shiga da ido biyu ya fito da ɗaya. Malam, lafiya? Ka ga yadda fuskarka ta koma kuwa?"

Tuni hankalin Mai Walda ya yi nisa. Ba ya ɗakin ma. Yana shago, wata safiya a bara, Auta ya zo aiki da ragowar mayen jiya, ya ɗauki guduma da cizal, kurfin yankan ƙarfe, zai sare kan wata tsohuwar ƙusa, tabaran kariya na rataye a bango bai sa ba. Duka na farko lafiya. A na gaba sai ya saki gudumar ya dafe idon hagu yana ihu. Mai Walda ya yi abin da kowane mai walda ke yi. Ya zaunar da shi a benci, ya buɗe fatar idon da yatsu, ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar sifikar rediyo da suke ajiye don haka, ya kusanta shi. Wani ɗan baƙin abu ya yi tsalle ya manne. Aka nuna wa kowa, aka yi dariya, aka ce ya koma bakin aiki. A wurin masu wannan sana'a ƙarfe a ido ba ciwo ba ne, gaisuwar aiki ce. Babu wanda ke zuwa asibiti saboda shi, babu ma wanda ke tunawa.

Amma yanzu Mai Walda ya tuna. Ya tuna yaron ya ce shi ba yashi-yashi ya ji ba, ji ya yi kamar an jefe shi da dutse. Ya tuna idon ya daɗe jawur. Ya tuna cewa har gobe, in Auta zai karanta awo, sai ya ɗan karkata kai ya duba da na dama. Kuma in rana ta haska fuskarsa, akwai wani ɗan duhu mai launin tsatsa a gefen baƙin idon, wanda babu shi a ɗayan.

Gaf, gaf, gaf, in ji na'urar.

Ya ce wa kansa ai ƙarfen ya fita. Da idonsa ya gan shi a jikin maganaɗisu. Wata zuciyar ta ce, wanda ka gani ya fita, wanda ba ka gani ba fa? Ƙarfe in ya fashe ba ya fashewa guda ɗaya, kai ma ka sani. Ya ce to ai za su tambaye shi, yaron ba jariri ba ne, zai faɗa. Sai ya ji muryar kansa a cikin bas: ka taɓa kaza, a'a.

Ya miƙe, ya koma ya zauna. In ya yi magana za su sallami yaron, wannan ba ko shakka. An kore su sau ɗaya, wa ya san ko za a ƙara karɓarsu? Ya hango Auta ya koma bayan shagon mai sayar da abin, ya hango cikin wansa mai kama da tulu, da ƙafafun nan da suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Wannan ƙofa ita kaɗai ya sani, in ta rufe ba shi da wata. In kuma ya yi shiru, watakila babu komai a idon. Watakila. Ya taɓa kafa tsani a kan watakila, ƙafarsa ta dama har yau tana gaya masa in hadari ya haɗu.

Gaba kura, baya siyaki. Gumi ya jiƙa masa riga a cikin ɗakin da sanyinsa ke sa mai ɗinkin jan mayafi.

"Malam, in kawo maka ruwa? Ko hawan jini gare ka? Mijina ma haka yake yi, sai ya yi tsit kamar an ɗauke wuta."

Ƙarar ta tsaya.

Shirun ya fi ƙarar muni. Ƙofa mai kaurin ta buɗe, wata siririyar yarinya ta fito cikin rigar asibiti tana cire toshin kunne, tana yi wa uwarta murmushi ta gilashi. A bayanta mai kula da na'urar ne, saurayi mai faffaɗar kafaɗa. Ya nuna mata ɗakin canza kaya, sannan ya leƙa wata ƙofar ya yafito wani. Auta ya fito. Rigar asibitin ta yi masa gajarta, ƙwaurinsa a waje, kamar yaron da aka tayar daga barci. Bai dubi wajen uban ba. Mai na'urar ya yi masa wata tambaya, Auta ya girgiza kai, ya kai hannu ya sosa ƙeya.

Mai Walda bai san sanda ya isa ƙofar gilashin ba. Ya tura, ta ƙi. Ya buga da tafin hannu, ya buga da dunƙule, gilashin na rawa.

"Kai! Kai, yaro! Tsaya!"

Mai na'urar ya juyo, ya buɗe ƙofar kaɗan ya tare da jikinsa. "Baba, lafiya? Kada ka shigo, dubi makullan da ke ƙugunka. Ja baya, don Allah."

"Akwai ƙarfe a idonsa! Idon hagu! Kada ka kai shi wurin abin nan!"

Auta yana tsaye dab da jan zanen. "Babu komai, Baba. Ya fita tuntuni, ai kai ka cire." Ya ɗaga ƙafa zai tsallake.

Mai na'urar ya saki ƙofar, ya yi tsalle ɗaya ya damƙo kafaɗarsa, ya jawo shi baya har suka yi karo da bango. Murmushin da ke fuskarsa ɗazu ya ɓace. "Malam, ko taku ɗaya kada ka ƙara. Zauna nan. Zauna, na ce!"

Likitar ta fito da sauri. Ta saurari uban, wanda maganarsa ke fita gutsi-gutsi, guduma, cizal, sifika, tsatsa. Ta ɗauko 'yar tocila daga aljihu, ta ɗaga haɓar Auta ta haska idon hagu, ta haska na dama, ta sake komawa na hagun ta daɗe. Sai ta sa aka tafi da shi ɗaya ginin a yi masa hoton ƙashi na kwarmin ido, wanda ba ruwansa da maganaɗisu.

Mai ɗinkin ta tattara 'yarta da hankicinta. Da za ta wuce ta tsaya a gabansa. Can ta ce, "Allah ya tsare, Malam," ta fita.

Jiran nan shi ne mafi tsawo a rayuwar Mai Walda. Rabin zuciyarsa na roƙon a ce babu komai, a mai da yaron layi. Ɗaya rabin na tsoron a ce babu komai, ya zama ya rufe ƙofar da hannunsa a banza.

Da likitar ta kira shi ofis, ta juyo masa da fuskar kwamfuta. Ƙoƙon kan mutum ne, fari da toka-toka, da ramukan ido biyu. A cikin ramin hagu akwai wani ɗan ɗigo fari fat, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ba sai an yi masa bayani ba. Ya san ƙarfe ko a wane kaya ya zo.

"Yana can ciki," in ji ta. "Ba zan ce tabbas da ya makance ba, amma ba zan sa ɗan kowa a na'urar nan da wannan a idonsa ba. Hoton ƙwaƙwalwa dai babu shi. Kuma dole likitan ido ya gan shi, don ƙarfe in ya zauna a ido yana cin sa a hankali."

Mai Walda ya ce, "Laifinsa ne da bai gane tambayar ba. Mu a wurinmu ba ma ɗaukar wannan a bakin..."

"Ya gane, Baba." Ta cire tabarau ta ajiye. "Da na ji sana'arka, na tambaye shi ko yana taya ka aiki. Ya ce bai taɓa riƙe guduma ba, shi katin waya yake sayarwa. Na ce masa ko sau ɗaya ƙarfe ya taɓa shiga idonsa ya faɗa mini, don abin nan na iya makantar da shi. Da wannan kalmar na faɗa, makanta. Mai na'ura ya maimaita masa. Ya dube mu ya ce babu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ɗanka ya ɓoye, kuma ina so in san abin da ya fi makanta ba shi tsoro."

Mai Walda ya tashi ya fita kamar wanda aka ɗora wa buhu.

Ya sami Auta a ƙarshen baranda, ya mai da kayansa, yana zaune a kan benci kusa da wata tukunyar fure da ta bushe. Ya tsaya a kansa. Da a shago ne da tuni mari ya sauka.

"Ta ce maka za ka makance?"

"Ta ce."

"Ka ji da kunnenka?"

"Na ji, Baba."

"To don uban wa ka ce babu?"

Auta ya ɗago. Rana ta faɗo a fuskarsa, ga ɗan duhun nan a gefen baƙin idon. "Na yi lissafi ne. Ido biyu gare ni. In ɗaya ya tafi, da saura. Kai kuwa kai kaɗai ne."

Masu iya magana sun ce kada garin neman gira a rasa ido. Mai Walda ya sha faɗa wa yaran shago wannan magana in ya ga suna gyaran abin da bai lalace ba. Bai taɓa zaton ranar da za ta faɗo a kansa da nauyinta ba. Ya zauna a bencin. Tsoron da ya ji a gaban ƙofar gilashi ashe ƙanen tsoro ne. Wannan shi ne babban, cewa ya yi renon yaron da zai miƙa idonsa ga na'ura da hankalinsa, ba a buge ba, don kawai kada a rufe masa ƙofar gida.

Wata ma'aikaciya ta wuce da keken marasa lafiya, ƙafarsa ɗaya na ƙara.

"Maganar bas ɗin nan," in ji uban, yana kallon gabansa. "Ka zubar da ita. Baki ne."

Auta ya gyaɗa kai. Hannayensa da ke kan gwiwa suna karkarwa sosai yanzu, har bencin na ɗauka. Ya matse su, suka ƙi tsayawa. Gumi na bin gefen kunnensa.

"Baba."

"Na'am."

"In faɗi wani abu ba za ka doke ni ba?"

"Faɗi."

"Ina son in sha. Yanzu-yanzun nan. Ba iskanci ba ne, wallahi, jikina ne. Tun jiya nake jin kamar kiyashi na bin cikin fatata, zuciyata kamar za ta fito. Ina tsoro, Baba. Ban san yadda ake bari ba."

Tunda yaron ya fara sha, bai taɓa faɗin kalmar a gaban ubansa ba. Kullum ban sha ba, kullum sharri ne, kullum maganin mura ne. Mai Walda ya laluba cikinsa ya nemi karin maganar da ta dace da wannan wuri, shi da ba ya rasawa, bai samu ko ɗaya ba. Abin da ya samu kawai shi ne bai san amsar ba, kuma hannun yaron da ya kama sanyi ƙalau yake, yana ɓari kamar ɗan tsako a ruwa.

"Tashi," ya ce.

"Ina za mu?"

"Wurin yarinyar can. Abin da ka gaya mini yanzu, shi za ka gaya mata, kada ka rage ko kalma. Duk abin da ta tambaya, ka faɗi yadda yake."

"In ta kore mu fa?"

"Sai ta gaya mana ƙofar da za mu buga. Asibitin ai ba ɗaki ɗaya ba ne."

Suka koma ta barandar, uban na riƙe da damtsen ɗan, ba a san wanda ke tallafe da wani ba. Ƙofar ofishin a rufe take. Daga can ciki na'urar ta sake tashi da wani ɗan mutane, gaf, gaf, gaf. Mai Walda ya goge tafinsa a riga, ya ƙwanƙwasa a hankali da bayan yatsa. Likitar ta buɗe. Ta dubi fuskar Auta, ta dubi hannayensa, nan take ta kama wuyan hannun tana jin bugun jini.

"Yaushe rabonka da sha?" ta tambaya.

Auta ya dubi ubansa.

"Ni kake kallo?" in ji Mai Walda. "Ita ta tambaye ka."